Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ɗori Na Birnin Kano: Ku Sa Taba Cikin Abin Da Kuke Hana Mai Karaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena sarakunan ɗori, da dattawan wannan sana'a na cikin ganuwa da na waje, da 'ya'yanku da ke riƙe muku ƙafa in kuna ja, Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar albarkar da ya sa a hannuwanku.

Ni ɗanku ne, ba baƙo ba. Kakana na wajen uwa mai ɗori ne, a zaurensa na fara ganin yadda ake jan hannun da ya karye har ya koma mazauninsa, ina ɗan yaro riƙe da kwanon man shafawa, ina runtse ido in mai karaya ya yi ƙara. Gadon bai biyo ta ɗakinmu ba, amma ƙashi bai sake ni ba, don yau abincina a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi yake, a wani asibiti a garin nan. Abin da kuke lalubawa da babban yatsa, shi nake ɗorawa a kan fitila ina kallo, fari a kan baƙi. Ba da raini na zo ba. Na ga ɗorin da ya fito daga hannun wasunku wanda likita ya duba ya ce ba abin da zai ƙara.

Kakan nan nawa in ya gama ɗaure kara ya tofa addu'a, sai ya ce: "Ni dai na ɗora, mai haɗawa daban." Da na ɗauka tawali'u ne kawai, sai da na yi karatu na gane bayanin aikin yake yi. Mai ɗori da likitan ƙashi abu ɗaya suke yi: su kawo bakin ƙashi kusa da ɗan'uwansa, su hana shi motsi, wani da kara, wani da filasta ko ƙarfe. Haɗawar kuwa Allah ya ɗora ta a wuyan wasu 'yan mitsi-mitsin ma'aikata da ya ajiye a cikin ɓargo. A kansu na ɗauki alƙalami, da abin da ke ɗaure musu hannu. Roƙona guda ne: duk wanda aka kawo muku, ku tambaye shi ko yana amfani da taba, in yana yi ku hana shi, da irin muryar da kuke hana shi taka ƙafar.

Ga abin da ya tunzura ni. Wani matashi ne direban adaidaita sahu, bai cika shekara 30 ba, jini a jika, ba ciwon sukari ba sikila. Mota ta kwashe shi a titin Katsina wajejen Kurna, ƙashin ƙwaurinsa ya karye kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu. Fata ba ta fashe ba. Irin karayar nan ce da ku da mu muke sa ran nan da wata 3 ko 4 mai ita zai fara dogara ƙafa. Shi sai bayan wata 7 aka shigo da shi wurinmu a kafaɗar yayansa, ya riga ya zaga masu ɗori uku. Na biyu ya ce na farko ne bai daidaita ba, ya warware ya sake sabo. Na uku ya dubi ƙafar ya ce wannan jifa ne. An sha rubutu, an yi turare, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu. Mai keke kuwa tuni ya karɓe makullinsa ya ba wani, don balas ba ya jiran mai jinya.

Da na ɗora hoton a kan fitila sai na ga ɗorin ba shi da laifi. Bakunan ƙashin biyu suna fuskantar juna sambal, ba karkata ba hawa kan juna. Amma baƙin layin da ke tsakaninsu yana nan daram kamar jiya aka karye, gefunan ma sun fara tsukewa kamar fensirin da aka feƙe. Babu ko alamar farin hazon nan da ke taruwa ya kewaye karaya in tana warkewa, wanda ku kuke ji a yatsa kamar ƙulli. Kamar filin da aka ja wa igiya, aka haƙa harsashi, aka jibge tubali, magina kuma ba su zo ba.

Ina gyara masa ƙafar a kan gado warin sigari ya buge ni. Na dubi yatsunsa biyu na dama, sun rine. Na jira yayan ya fita biyan kuɗi sannan na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce da yana aiki kara 5 ko 6 yake sha a wuni, amma tun da ya kwanta, sai tunanin iyali da bashi, kwali guda ba ya kwana. Abokansa na tasha in sun zo dubiya, wani ya kawo lemo, wani tsire, wani kuma ya faki idon mutane ya cusa masa kwali a ƙarƙashin matashi, a ganinsa zumunci ya yi. Na ce cikin mutum ukun da suka taɓa ƙafar nan akwai wanda ya yi maka wannan tambayar? Ya ce ko ɗaya. An hana shi takawa, an hana shi kusantar iyalinsa, an ce ya yawaita nono da romon ƙashi, duk ya kiyaye. Taba ce ba wanda ya ambata.

Kada ku ce laifi na ɗora muku. Mu ma a asibiti, in layi ya yi tsawo, sau nawa ake sallamar mutum ba a kai ga wannan tambayar ba. Kakana da kansa yana da battar taba gari a aljihun 'yar shararsa, bai kuma san tana da alaƙa da sana'arsa ba. Ilmin ne bai riski zamaninsa ba.

Ƙashi ba dutse ba ne, ba kuma busasshen ice ba. Abu ne mai rai, jini na ratsa shi, gini ne kuma da ba a taɓa gamawa: kullum wasu ƙwayoyin halitta na kankare tsoho, wasu na bin bayansu suna cike gurbin, har kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ke sabuntuwa duk shekara. Masu cikewar nan su zan kira magina, kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Akwai wasu ƙwayoyi da ke zaune shiru a cikin ɓargo, da cikin siririn tantanin nan da ke manne a bayan ƙashi, wanda duk mahauci ya san shi. Masana na ce musu ƙwayoyin tushe. Misalinsu yaron da bai kama sana'a ba tukuna: ana iya kai shi Ƙofar Mata ya tashi marini, ana iya miƙa shi ga majema, ana iya zaunar da shi a maƙera ya yi zuga. Haka ƙwayar tushe, gwargwadon kiran da ta ji, tana iya zama maginin ƙashi, tana iya zama guringuntsi, tana iya ɓigewa da zama kitse kawai.

Wani masani a birnin Mosko, Alexander Friedenstein, shi ya fara nuna haka a shekarun 1960 da 1970. Ya ɗebi ɓargon dabba ya dasa a jikin ƙoda, wurin da ba ruwansa da ƙashi, sai ga ƙashi ya tsiro. Ba su kuma da yawa: cikin ƙwayoyin ɓargo 10,000 zuwa 100,000 ake samun guda, suna kuma raguwa in shekaru sun ja. Yana cikin dalilan da suka sa yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro kuke kwance masa kara cikin 'yan makonni, kakansa kuwa a shafe watanni.

Ranar da ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare tsakanin bakunan. Kumburi da zafin kwanakin farko, da muke gani kamar abokan gaba, a cikinsu ake shelar gayya. Ƙwayoyin tushe su ji, su nufo wurin, su hayayyafa. Sababbin jijiyoyin jini da suka fi gashi sirantaka su tsiro su biyo su da abinci da iska. Cikin mako 2 zuwa 3 an yi wani ƙulli mai laushi na guringuntsi ya riƙe bakunan biyu. Daga nan magina su karɓi aiki: su shimfiɗa zaruruwa kamar yadda ake cuɗa ciyawa a ƙasar gini, su bi su da sinadarin kalsiyam da fosfet har ƙullin ya taurare ya zama ƙashi. Duk gayyar nan a kan abu biyu ta dogara: yaran su amsa kira su koyi sana'ar da aka kira su dominta, hanya kuma ta zama a buɗe jini ya iso. Nikotin duka biyun yake taɓawa.

Nikotin shi ne sinadarin da ke hana mashayi rabuwa da taba. A wurin ita shukar, guba ce ta kare kanta daga ƙwari, shi ya sa manoma suka daɗe suna jiƙa ganyen taba su fesa a gona. In ya shiga jikin mutum, aikinsa irin na makullin ɓarawo ne. Jiki yana da nasa ɗan saƙo mai suna asetilkolin, da wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta da shi ya kamata ya buɗe. Nikotin ya yi kama da shi har yana buɗe su. Da an ɗauka a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka kawai ƙofofin suke, daga baya aka gano su a jikin maginan ƙashi da ƙwayoyin tushe.

Ga yadda ake gwadawa, an kuma maimaita shi a ƙasashe da dama. A ɗebo ƙwayoyin tushe daga ɓargon mutum, ko daga naman da ke riƙe saiwar haƙorin da aka cire, a zuba su a 'yan faranta cikin ruwan da ke ciyar da su yana kuma umartar su su zama magina. Wasu farantan a ɗiga musu nikotin, wasu a bar su haka. Bayan kamar mako 3 sai a zuba wani jan rini mai kama kalsiyam. Farantin da ba nikotin sai ya yi jawur kamar lallen da ya kwana a ƙafar amarya. Mai nikotin kuwa ya fito dishi-dishi kamar lallen da aka wanke tun bai kama ba, kuma gwargwadon abin da aka ɗiga, gwargwadon dusashewar. In aka leƙa cikin ƙwayoyin sai a tarar sinadarin da ke ba da umarnin "ki zama magini", wanda ake kira RUNX2, muryarsa ta yi ƙasa. In aka ƙara yawan nikotin ɗin, haihuwar ma sai ta tsaya, wasu su mutu.

Bari in riga wani ɗan boko, kada ya ruɗe ku da rabin karatu. A wasu gwaje-gwajen, ɗan ƙanƙanin nikotin ya sa ƙwayoyin sun ƙara hayayyafa. Gaskiya ne. Amma mashayi ba faranti ba ne da ake auna wa ɗigo ɗaya a rufe. Shi daga farkawa zuwa kwanciya ƙari yake yi, shekara da shekaru, kuma hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000. Sannan cika wurin gini da yara ba shi ne samun magina ba.

Sai batun hanya. Nikotin na sa ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Hayaƙin kuma na ɗauke da iskar nan mai guba ta gawayi, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ita wannan iska tana maƙale wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, ta haye kujera ta hana mai wuri zama. To ga hanya ta tsuke, ɗan jinin da ya wuce ma ba cikakken kaya ya ɗauko ba. Ƙasan ƙwauri kuwa, inda matashin nan ya karye, ku shafa naku ku ji: fata ce kawai a kan ƙashi, ba tsokar kirki, jininsa ƙalilan ne tun asali. Da ma yaya lafiyar kura, bare ta yi hauka.

Faranti daban, mai rai daban, don haka aka gwada a dabba. A 1995 a Amurka an yi wa zomaye aikin haɗe ƙashin baya, aka riƙa ba wasunsu nikotin zalla, ba hayaƙi. Cikin waɗanda ba a ba ba, fiye da rabi ƙashinsu ya haɗe. Cikin waɗanda aka ba, ko ɗaya. A mutane kuwa tun 1986 wasu likitocin Amurka suka bi diddigin mutum 100 da aka yi wa irin wannan aiki a gadon baya, 50 mashaya, 50 ba mashaya ba. Ƙashi ya ƙi haɗewa a kashi 40 cikin 100 na mashayan, a ɗaya ɓangaren kashi 8. Da aka tattara binciken karaya masu yawa aka auna su tare a 2014, sai aka ga haɗarin karaya ta ƙi haɗewa ya haura ninki biyu a wurin mai shan sigari.

Daɗin abin, bari yana da amfani, kuma da wuri ake gani. A Denmak a 2002 an ɗauki mashaya 120 da za a canza wa ƙugu ko gwiwa, aka taimaki rabinsu su bari ko su rage sosai tun mako 6 zuwa 8 kafin aiki. Matsalar bayan aiki ta sami kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka taimaka, ta sami 52 na sauran. Za ku ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, haɗarin mota kuma ba ya aiko da goron gayyata. Haka ne. Amma a Suwidin a 2010 an gwada a kan mutanen da suka riga suka karye aka yi musu aiki, aka taimaki wasunsu su bar taba a mako 6 na farko: masu matsala a cikinsu kashi 20, a sauran 38. Ashe wannan goran ko ranar tafiyar aka fafe shi yana ɗaukar ruwa. Iskar gawayin cikin kwana ɗaya ko biyu take barin jini, nikotin kuma duk awa 2 rabinsa ke fita, in ba a ƙara ba.

Shi matashin namu sai da aka yi masa aiki. An sa ƙarfe, an ɗebo ɗan ƙashi mai ɓargo daga ƙugunsa an cusa tsakanin bakunan, wato an ɗebo iri daga rumbu an kai gonar da ta ƙi tsiro. Likitan ya gindaya masa sharaɗin barin taba kafin ya sa masa rana, don dashen ma sai sababbin jijiyoyi sun ratsa shi yake kamawa. Ya bari, da ƙyar da jiɓin goshi. Ni na ɗauki hotonsa na bayan wata 3, na ga hazon ya taru. Ƙarfe da dashe da barin taba, ukun ne suka haɗu suka tashe shi. Amma lissafin da ya yi min a bakin ƙofa shi ne wata 16 bai kai cefane gida ba.

In za ku yi tambayar, kada ku tsaya a "kana shan sigari?" Yaran yanzu da yawa za su rantse muku ba sa sha, a ganinsu kuma gaskiya suka faɗa, don shisha suke zuƙa, mai ƙamshin tuffa ko na'a-na'a, sun yarda ruwan tulun yana wanke dattin. Ba ya wankewa. Taba ce aka cuɗa da zaƙi da ƙamshi, nikotin ɗinta na wucewa ta ruwan, ga gawayi a kai yana ƙara waccan iskar mai guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa hayaƙin da mutum ke zuƙa a zaman shisha ɗaya yana iya kai na sigari kara 100 ko fiye. Akwai kuma 'yar na'urar nan da ake cajinta kamar waya, mai fitar da tururi da ƙamshin alewa. Ba ta da gawayi, amma yawancinsu akwai nikotin a ciki, shi ne kuwa wanda ya hana ƙashin zomayen can haɗewa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne iyayenmu mata tsofaffi. Ba mai tunanin ya tambayi kakar gida, alhali wata battarta na ƙulle a bakin zane, tana shaƙa ko ta cusa a dasashi da 'yar kanwa tun tana amarya. Ba hayaƙi, amma nikotin na ratsa hanci da dasashi ya shiga jini sarai. Ita kuwa tun da al'ada ta ɗauke mata ƙashinta ke ta zaizayewa, santsi ɗaya a banɗaki ya isa ya karya wuyan hannu ko ƙugu. Ku sa 'yarta ta tambaya muku cikin hikima.

Me ya sa ku na rubuta wa, ba hukuma ba? Doka ta riga ta yi nata. Tun 2015 Najeriya ke da dokar da ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma daga Fagge zuwa Rijiyar Lemo mai tebur nawa ne zai ƙi ba ka kara ɗaya? A abin da idona ke gani, masu karyewa da masu sha kusan jama'a ɗaya ce: direbobi, 'yan kamasho, 'yan dakon Singa da Kwari, leburorin da ke hawa bene. Doka ba ta shiga ɗakin da suke kwance. Ku kuna shiga, bayan 'yan kwanaki ku dawo ku kwance ku sake ɗaurewa, kun san uban mutum, kun san matarsa. Sannan akwai abin da Allah ya ba ku wanda mu masu farar riga ba mu samu ba. Mutumin da zai yi wa likita gardama, ya karɓi magani ya jefa a loka, in mai ɗori ya ce masa kada ka ci abu kaza, ko a mafarki ba zai taɓa ba, don tsoron kada ƙafa ta karkace.

Ku fitar da mahaifi da surukai daga ɗakin tukuna, don ba ɗan Bahaushen da zai amsa wannan a gaban ubansa. Kada kuma ku ɗauko ta daga halal da haram. Wannan fagen malamai ne, ya kuma sha jin wa'azin bai bari ba. Ku yi masa maganar ƙafarsa. Ku ce masa duk karan da ya kunna, maginansa ne yake kora daga wurin aiki. Ku lissafa masa makonnin da zai ƙara a kwance da kuɗin da ba zai samu ba. In ya ce ba zai iya bari har abada ba, kada ku ja da shi, ku ce daga yau zuwa ranar da zan kwance karan nan na ƙarshe. Wanda ya yi wata 3 bai sha ba ya riga ya haye tsakiyar kogin. Ku kuma ja kunnen 'yan dubiya, da duk mai busa hayaƙi a ɗakin.

Ku gaya masa abin da zai ji, kada ya zaci wani ciwon ne. Kwana 3 na farko zuwa mako guda su ne masu zafi: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, ci kamar gara. Cikin mako 2 zuwa 4 abin ke lafawa. Ku tuna masa duk watan azumi yana yin wajen awa 13 ko 14 bai kunna ba, bai kuma mutu ba. Aswaki, aya, gyaɗa, ɗan goro, duk suna ɗebe wa baki kewa. Wanda abin ya yi wa katutu ku tura shi ga likita. Akwai cingam da wani ɗan manne da ake liƙawa a fata, masu nikotin a aune, ana ragewa sannu a hankali. Ba shi ne abin so ba ga ƙashi, amma ya fi hayaƙi nesa ba kusa ba, da irinsu ma aka taimaki mutanen Denmak ɗin can. A dai sa ido kada a gudu daga taba a faɗa tiramol ko kodin.

Tun da maganar jini muke, ku yi min afuwa in taɓo wuri mai ciwo. Abin da nikotin ke yi wa jijiya daga ciki, ɗaurin da ya yi tsauri na yin wanda ya fi shi daga waje, in kuma suka haɗu a ƙafa ɗaya abin ba kyau. Manyanku sun san alamun: yatsu su yi sanyi ko baƙi, su mutu ba a ji, ko ciwo ya wuce misali. Wannan ba na jiran gobe ba ne, a sassauta a garzaya asibiti. Haka karayar da ƙashi ya huda fata. Asibitin ƙashi na Dala yana nan a Ƙofar Ruwa tun 1959. In kuma wata 3 ya wuce ba ku ji ƙulli ba, wurin yana motsi, to kafin a ce jifa ne, kafin a sake sabon ɗori, a turo mutum a ɗauki hoto, a kuma sake yi masa tambayar taba a keɓe.

Ina da tsofaffin hotuna da na adana don koyar da ɗalibai, an goge sunayen masu su. Akwai na ƙashin da ya haɗe, ƙullin ya fito kamar curin auduga, akwai na wanda ya ƙi. In kun yarda, ku sa min rana a duk zauren da kuke taruwa, bayan la'asar, in zo da su. Ba sai da fitilar asibiti ba, hasken ƙofar zaure ya isa a ɗaga a gani. Ni ma ina da tambayoyi a kan abin da yatsa ke ji wanda hoto ba ya nunawa, don tsohon ya rasu ban kai shekarun da zan tambaye shi ba.

Wassalam.

Ɗanku kuma jikanku,
mai ɗaukar hoton ƙashi, Kano.